Ga 'yar'uwarmu ta Fatakwal da na'a-na'arta ke narkewa

'Yar'uwa, sannu. Wallahi ina karanta tambayarki raina ya sosu, don abin da ya same ni ke nan a nan Legas. Kin ce na'a-na'arki mai yaɗo, 'yar tsibirin Kosika ɗin nan mai mitsi-mitsin ganye, ta yi shar da farko, yanzu kuma tsakiyarta ta yi baƙi tana narkewa, kina ƙara ruwa tana ƙara lalacewa, kina tambaya ko rana ce ta yi mata kaɗan ko taki take so. Don Allah ki ajiye takin nan, kada ko ƙwaya ɗaya ta taɓa ta. Kada kuma ki fitar da ita rana. Ruɓa take yi. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, shi ya sa ganyen ke yaushi kamar mai ƙishi alhali ƙasar jagab take.

Ni wani mai sayar da furanni a bakin titi ne ya cuce ni, har yau in na wuce wurin sai na kau da kai. Na gaya masa ƙarara cewa tsakanin intalok ɗin tsakar gida nake so in shuka ta, wurin da rana ke duka tun hantsi har la'asar. Ya ce ai na'a-na'a ce, ba ta mutuwa, in dai ana ba ta ruwa safe da yamma. Ya sa na kwashi tukwane da yawa, kuɗin da na daɗe ina tarawa. Ya san ƙarya yake yi, don nasa a ƙarƙashin rumfa ya ɓoye su can baya inda iska ke kaɗawa. Da ruwan watan Yuni ya sauko ba ƙaƙƙautawa, wata safiya na fito na tarar duk ta kwanta, ta yi baƙi, ta yi yauƙi. Na sa yatsa na taɓa, sai ta biyo hannuna gaba ɗaya, babu saiwa ko ɗaya da ta rage a ƙasa. Abin da ya fi ƙona min rai, ƙamshinta na nan yana tashi daga ruɓaɓɓen ganyen, ya cika tsakar gidan. Na tsuguna a wurin na kasa tashi, har yarana suka fito suna tambayata wa ya rasu. Na ɗebi ragowar a leda na koma wurin mutumin nan. Ko kallon ledar bai yi ba. A gaban mutane ya ce, "Hajiya, hannu ne, wani hannun ba ya karɓar shuka." Ni da na tashi ina ban-ruwan lambun mahaifina tun ban kai in ɗauki bokiti cike ba! Sannan ya ce in ƙara sayen wasu zai rage min kuɗi. Na bar shi da Allah. Amma maganar hannun nan ta daɗe tana cina, shi ya sa nake roƙonki, duk wanda ya gaya miki haka kada ki saurare shi.

Shukar nan ba irin na'a-na'ar shayinmu ba ce da ake cusawa a gindin randa ta cika wuri. Sunanta a littafi Mentha requienii, asalinta tsibiran Kosika da Sardiniya ne a tekun Bahar Rum, inda take fitowa a wurare masu inuwa da danshi a cikin duwatsu. Can lokacin zafinsu ruwan sama kaɗan ne, kuma dare na yin sanyi a tudu. Mu kuwa a bakin teku dare ma digiri 24 ko 25 ne, ga laima ta cika iska. Ku a Fatakwal ruwan da kuke samu a shekara ya haura milimita 2,000, kun fi mu ma. Ganyenta bai wuce 'yan milimita ba, kuma a manne yake da juna da ƙasa, to in ya jiƙe da yamma haka zai kwana a jiƙe cikin ɗumi, fumfuna ta samu wurin zama.

Yau ɗin nan ki ɗauko wuƙa ki yanke duk inda ya yi baƙi, har da ɗan koren da ke gefensa, ki zubar nesa da sauran shukokinki. Abin da ya rage a gefe-gefe ki yanka shi gutsure-gutsure kamar faɗin murfin kwalba, kowanne da 'yar saiwarsa, ki raba su tukwane daban-daban. Wannan rabawar ita ta cece ni. Ban ƙara yarda in tara ta wuri ɗaya ba, don ko yanzu da na san halinta, duk damina sai wata tukunya ta tafi. In ɗaya ta mutu ina da wasu.

Ki nemi kasko na ƙasa mai faɗi marar zurfi, a huda gindinsa da kyau. Roba, musamman baƙa, dafa saiwar take yi. Ƙasar kuma kada ki sa ta lambu zalla, tana yin taɓo. Ni yashi mai tsakuwa nake haɗawa da ruɓaɓɓen taki wanda ya zama ƙasa sarai, da ɗan dakakken gawayi. Kashin kaji da takin zamani ƙone ta suke yi. Ki ɗora gutsuren a kai ki ɗan danna da yatsa, ba a binne ta. Ki ɗaga kaskon a kan bulo, kada ya zauna a kan siminti.

Ruwa shi ne wahalar, ba zan ɓoye miki ba. Saiwarta a sama-sama take, in ƙasar ta bushe ƙaƙas na yini ɗaya a zafin watan Maris, ta tafi, ba ta farfaɗowa irin na sauran na'a-na'a. In kuma ta zauna cikin ruwa, ta ruɓe. Ni da asuba nake dubawa da yatsa. In saman ya fara shan iska, sai in sa kaskon cikin faranti mai ruwa ya tsotsa ta ƙasa na 'yan mintoci, in cire. Ban zuba mata ta ka, da yamma kuwa ko kusa. In ruwan bohol ɗinku na da ɗanɗanon gishiri kamar na wasu unguwanninmu, ki tara na sama a bokiti. Amma ita kanta kada ruwan sama ya dake ta, ki janye ta daga bakin indararo, ki sa ta a baranda inda hasken safiya zai ɗan taɓa ta ya wuce. Makon da aka yi ta ruwa iska ta tsaya cak, ni har fanka nake juya mata in akwai wuta. Maigidana ya yi magana har ya gaji.

Ki duba ƙarƙashin kaskon da daddare da tocila, dodon koɗi na cinye ta a dare ɗaya.

Na ga wata cikin masu amsa tambayarki ta ce miki ki tsinka ki dinga jefawa a shayi don ta yi sabon toho. Ban goyi bayan haka ba. Man da ke cikin ganyenta na da sinadarin pulegone mai yawa, wanda ke wahalar da hanta in ya yi yawa, mai juna biyu kuwa gara ta bar shi kwata-kwata. Na shayi ki shuka tamu ta gida a tukunya daban, ita ba ruwanta da zafin Fatakwal. Wannan ta shafawa ce da tafin hannu a shaƙi ƙamshi.

Maganar shimfiɗa ta a tsakar gida irin hotunan da muke gani na lambunan Ingila, ni dai na cire rai, kuma na san da zafi a ji haka. Da a Jos kike, inda tudun ya kai wajen mita 1,200 dare na sanyi, da na ce ki gwada. Daga Disamba zuwa Janairu, in iskar hunturu ta ɗan leƙo, za ki ga ta murmure ta bazu har tana zubowa ta bakin kasko, lokacin ne ya fi dacewa ki ƙara raba ta, sai dai ki ninka lura da ruwa.

Ki turo mana hoton gindin tukunyar da na wurin da kika ajiye ta, ki kuma faɗa min ko barandarki gabas take kallo ko yamma. In yamma ce, ki ɗauke ta daga nan tun kafin azahar ɗin gobe.