Amsa ga mai tambaya kan gane dabarun marubuci a jarrabawar GRE

Wa'alaikumus salam, Malama. Na ga tambayarki tun daren jiya, inda kika ce kina shirin rubuta jarrabawar GRE domin neman gurbin digiri na biyu a Amurka, kuma kina fahimtar rubutun da aka ba ki sarai, amma da zarar an tambaye ki ta wace hanya marubucin ya kafa hujjarsa, sai zaɓi biyu su tsaya miki kamar tagwaye, ki ɗauki wanda ba shi ba. Ni ma na daɗe ina shan wannan kaye kafin in gano inda gizo yake saƙar, saboda haka ki yi haƙuri in ɗan tsawaita.

A ganina ba ƙarancin Turanci ne yake damunki ba, tarbiyyar karatun da muka taso da ita ce. Tun a sakandare an saba tambayarmu abin da marubuci ya faɗa, mu koma cikin rubutu mu lalubo layin mu kwafo. Su kuwa waɗannan tambayoyi, aikin da kowace jimla take yi suke nema: da'awa ce, ko shaida, ko maganar abokin hamayya da aka kawo domin a rushe ta, ko kuwa wani ɗan sassauci ne da marubuci ya yi kafin ya koma kan bakansa.

Abin da ya buɗe mini ido zai ba ki mamaki, domin a karatun zaure na tsinto shi. Duk wanda ya zauna gaban malami ana fassara littafin fiƙihu ya san gaɓar da mai littafi yake cewa "in aka ce kaza", sannan ya biyo da "sai mu ce kaza". Babu ɗalibin da zai ɗauki abin da ya zo bayan "in aka ce" a matsayin fatawar mai littafi, ko da kuwa maganar ta cinye rabin shafi kuma an kawata ta da dalilai. Wata rana ina duba atisayen da na faɗi, sai na lura kusan dukkan kurakuraina a nan suke: ina jingina wa marubuci maganar da ya kawo domin ya yi mata raddi. Bambancin kawai shi ne, marubucin Turanci ba ya faɗa miki ƙarara cewa yanzu bakin wani zai ara. Da ƙananan kalmomi irin su "although" da "granted" da "however" yake juya akala, mu kuwa mun saba tsallake su saboda hankalinmu yana kan manyan kalmomi masu wuya.

Bari in tsara miki misali da kaina, irin wanda suke so. A ce rubutu ya fara da cewa a 1980 masanin kimiyya Luis Alvarez da ɗansa Walter da abokan aikinsu sun kawo ra'ayin cewa wani ƙaton dutse daga sararin sama ne ya faɗo duniya ya hallaka dabbobin dinaso kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, kuma hujjarsu ita ce yawan sinadarin iridiyam da aka samu a wani siririn layin yumɓu na wancan zamani. Sai marubuci ya ce, gaskiya ne an samu aman wuta mai tsanani a yankin Deccan na Indiya a daidai wannan lokaci, wanda zai iya gurɓata yanayi. Daga nan ya ce, amma gano ramin Chicxulub a ƙasar Meziko, ramin da faɗowar wani ƙaton dutse daga sama ta haƙa, wanda shekarunsa suka dace da na layin yumɓun, ya ƙara wa ra'ayin farko ƙarfi. Idan aka tambaye ki aikin jimlar Deccan, a cikin zaɓi biyar za ki ga wanda ya ce shaida ce mai goyon bayan matsayar marubuci, da wanda ya ce ra'ayi ne da marubuci ya ƙaryata, da wanda ya ce wani dalili ne na daban da marubuci ya amince da aukuwarsa ba tare da ya ɗauke shi a matsayin babban sanadi ba. Na ukun ne daidai. Na biyun shi ne tarkon da ya fi kama masu ƙoƙari, domin sun gane jimlar ba ta gefen marubuci take ba, sai dai sun manta cewa bai taɓa musun aman wutar ba, rinjaye kawai ya ba ɗaya ɓangaren.

Daga nan na ɗauki ɗabi'ar karanta aikatau na kowane zaɓi kafin komai. Ƙaryatawa daban, rage ƙarfin magana daban. Kawo misali daban, yin ƙiyasi da wani abu mai kama daban. Idan zaɓi ya ce marubuci ya yi ƙiyasi, sai in tambayi kaina abubuwa biyun da aka kwatanta, in ban iya nuna su da yatsa a cikin rubutun ba in jefar da shi, komai kyan Turancinsa. Haka kuma zaɓin da rabinsa na farko ya yi daidai, na biyun ya karkace, gaba ɗayansa ya faɗi, kuma an fi yin wannan a tambayoyin da ake kauraro jimla biyu a nemi matsayin kowace.

Batun lokaci kuwa, tun watan Satumba na 2023 da hukumar ETS mai shirya GRE ta gajarta jarrabawar, ɓangaren harshe tambaya 27 ne cikin minti 41, kashi na farko 12 a minti 18, na biyu 15 a minti 23. Wannan ba ya ba ki damar maimaita dogon rubutu sau uku. Ni a takardar da ake ba mutum ta yin lissafi nake sa wa kowane sakin layi kalma ɗaya ko biyu da Hausa, kamar "tsohon ra'ayi", "raddi", "shaida", "nasa". Da farko ya rage mini sauri ƙwarai, har na kusa barinsa, sai bayan makonni kaɗan idona ya fara yin aikin da kansa.

Ki yi atisaye da tambayoyin ETS na asali, musamman jarrabawar gwaji tasu mai suna POWERPREP, domin tarkonsu ya fi na kwaikwayo tsari. Duk wadda kika faɗi, ki rubuta jimla guda kan abin da ya ja ki zuwa zaɓin kuskure. Idan kin tara kamar ashirin, ki kawo su nan mu duba tare, in Allah ya yarda.