Ledar zuƙe iska: wane kaya za a saka, wane za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗakina ƙarami ne, barguna da rigunan sanyin yara sun cinye mini wadrof. Na ga ana sayar da ledar da ake zuƙe wa iska kaya su motse. Zan iya saka har da shaddodi da lesukan lefena? Ina tsoron damina da asu. Daga wata uwar gida a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ki saya, amma ba don lefen ba.

Bargo da filo da rigar sanyi, yawancin girmansu iska ce da ke maƙale a tsakanin zare. Ledar tana da zif da wani ɗan bawul da ke barin iska ta fita amma ba ta komawa. Da an zuƙe, bargon da ya cika akwati sai ya koma kamar tabarma a naɗe. Ki nemi wadda ake haɗowa da famfon hannu, don kada aikinki ya tsaya jiran wuta. Ƙurar hunturu ba ta shiga, kyankyaso da asu ba su samun hanya muddin ledar ba ta huje ba.

Inda mutane ke yin asara shi ne, ledar da ta hana abu shiga ita ce kuma ke hana shi fita. Idan kin saka bargo da ɗan danshi, ko da hannu bai ji ba, kin kulle shi ke nan tare da danshin, kuma bayan wata biyu ko uku za ki buɗe ki tarar da fumfuna da warin da wanki ɗaya ba ya fitarwa. Saboda haka lokacin ajiya shi ne Maris ko Afrilu, sanyi ya wuce, rana ta buɗe, damina ba ta sauka ba. Ki wanke, ki shanya kwana biyu cur, ki bari ya huce a inuwa kafin ki rufe. A watan Agusta kam ban ba ki shawara ba sam. 'Yan ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ki riƙa tara su, ki jefa biyu ko uku a kowace leda. Wankin ma dole ne, domin asu yana bin gumi da maiƙo, kuma zuƙe iska ba ya tabbatar da cewa ƙwansa ya mutu.

To, lefe. Shadda darajarta tana cikin sheƙinta da bugunta. Idan ta yi watanni a matse, karin da zai kwanta mata yakan gagari guga, wani lokaci ya bar farin layi. Leshi mai duwatsu kuwa ɓarna biyu zai yi: duwatsun su huda ledar, su kuma ja zaren. Haka babbar riga mai aiki, da jaka ko takalmin fata, da kayan ulu na asali, da filo mai gashin tsuntsu. Duk suna son iska. Waɗannan ki naɗe su a farin ƙyalle na auduga, ki bar su a akwati, kafur a gefe ba a jikin yadin ba. Zanen gado da labule da tawul da kayan da yara suka girme su, su ne abokan ledar.

Kada ki cika ta har baki, ki bar kamar tsawon tafin hannu don zif ya kama. Ki duba washegari. In ta kumbura, iska na shiga. Ki ɗora ta a sama, domin ɓera da gara ba su jin tsoron leda. Duk wata shida ki buɗe, kayan su sha iska.

In kuma tafiya za ki yi da ita, Umra ko wani wuri, girma take ragewa ban da nauyi, don haka ki auna akwatin a gida kafin ki isa filin jirgi.