Allon bayan ƙaramin layin dogo: a buga hoto ko a zana da hannu?

Ka ce tunda masu buga bana sun cika gari, me zai hana mu ɗauki hoton Kano da waya, a buga mana, mu manna a bayan ƙaramin layin dogon nan na kwaikwayo da muke ginawa a kan tebur, mu huta da wahalar fenti. Ajiye burushin nan tukuna, ɗana, jawo benci. Ni ma na taɓa yin abin da kake faɗa, kuma na ji a jikina.

Ɗauko tef ka auna teburin. Santimita 60 daga gaba zuwa baya, ko? Jiragen da mai aikin ya kawo na ma'aunin HO ne, wato komai an rage shi sau 87, har mutum mai tsayin mita 1.7 bai cika santimita 2 ba. To santimita 60 sau 87 mita 52 ke nan da 'yan kai, rabin filin ƙwallo. Iyakar duniyar da za mu gina da hannu ke nan. Shi kuwa mai aikin so yake a ga tashar Kano ta zamanin dalar gyaɗa, a hango ganuwa, a hango Dala da Goron Dutse can nesa. Kilomita ɗaya tak sai ta ci mita 11 da rabi na tebur, shagon nan gaba ɗayansa bai kai ba. Duk abin da ya wuce rabin filin ƙwallon nan allon baya ne zai ɗauke shi, kuma aikinsa guda ne: ya sa ido ya yarda akwai nisa.

A nan hoton waya yake ba da mutum. Waya tana ƙara wa launi ƙarfi, tana fito da kowace taga tar, abu na nesa da na kusa duk kaifinsu ɗaya. Ido ba haka yake gani ba. Ka tuna safiyar hunturu in hazo ya sauko? Bishiyar ƙofar gida kore ce shar, ta ƙarshen layi ta koɗe, ta bayanta kuma ta zama toka-toka, har ka rasa inda ta ƙare sama ta fara. Ko babu hazo iska tana yin wannan aikin, sai dai a hankali. Abu in ya yi nisa launinsa yana dusashewa, yana karkata zuwa shuɗi-shuɗi, gefensa yana laushi. In allo ya fi jirgi ƙarfin launi, mai kallo zai bar jirgin da aka kashe wa kuɗi ya tsaya kallon bango. Ban da haka, ina za ka kai tankunan ruwa da ƙarafan sabis da ke cikin hoton yau? Jirgi ya iso Kano a 1911, mu kuma shekarun 1950 muke ginawa.

Wanda na taɓa bugawa a kan ledar bana, ranar da aka kunna fitilu sai ga ƙyalli ya kwanta a tsakiyar sararin sama kamar an shafa mai. Da zafi ya taso ledar ta saki, ta yi tamoji. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne inuwa: a hoton rana daga dama take, fitilunmu kuma daga hagu. Mai aikin bai iya faɗin abin da ke damunsa ba, cewa kawai ya yi abin bai zauna masa ba. Da kuɗina na sake shi.

Ban hana hoto gaba ɗaya ba. In za a yi, a ɗauka daga nesa ranar da rana ba ta da ƙarfi, a rage launin a kwamfuta, a buga a takarda marar ƙyalli, sannan a bi da reza a yanke saman a yar. Layin rufin gidaje da bishiyoyi kaɗai ake mannawa. Sama kam da hannu ake yin ta.

Allon silin mai santsi za mu saya, na milimita 3, saboda yana lanƙwasuwa. A kusurwar tebur kada ka haɗa allo biyu su yi gwiwa, ka lanƙwasa shi ya zagaye, don ba wanda ya taɓa ganin kusurwa a sararin sama. Mahaɗa da kan ƙusa a cike da foti, a goge da samfefa har yatsa ya kasa gane wurin, a shafa fari a matsayin shimfiɗa. Fentin ruwa za mu yi amfani da shi, ban da na mai. Shuɗi a can sama, fari a ƙasa, a haɗa su a tsakiya da faffaɗan burushi tun suna ɗanye. Da zafin garin nan kafin ka juya ya bushe, shi ya sa aikin na sassafe ne kuma na mutum biyu, ɗaya yana shafawa ɗaya yana bi yana gaurayawa. Shuɗin da ka ga ya yi maka daidai a gwangwani, ƙara masa fari. Kakar gyaɗa muke nunawa, don haka ba ruwanmu da gajimare, sai ɗan ruwan ƙasa kaɗan a cikin farin ƙasan ya ba da ƙura. Ka huta da zanen gajimare, wanda dama a hannun ɗan koyo dunƙulen auduga yake zama.

Sai layin da sama ta haɗu da ƙasa. A waje, duk inda ka tsaya, wannan layin daidai idonka yake. A nan kuwa babba zai kallo daga sama, yaro daga ƙasa, ba za ka gamsar da kowa ba. Dabarar ita ce ka ajiye shi ƙasa-ƙasa, ka ɓoye mafi yawansa bayan gini da bishiya. Dala kanta kada ta wuce tafin hannu, launi ɗaya mai laushi, ba sai ka zana mata duwatsu ba. Kuma kada ka zana gini ta kusurwarsa, wanda layukansa ke tsukewa zuwa nesa. Daga wuri ɗaya kawai zai yi daidai, mai kallo na gusawa taku biyu sai ya ga gidan ya karkace. Fuskar gini a miƙe, ita ce ba ta tona asiri.

Inda ake gane gwani shi ne inda tebur ya haɗu da allo. Launin ƙasar da ka shafa a tebur, shi za ka ɗan haura da shi jikin allon. A gabansa ka jera rabin gini: sito mai kaurin yatsa biyu, dalar gyaɗa da aka tsaga biyu, katanga, bishiyoyi. Ka bar ɗan rata tsakaninsu da allon, fitila kuma ta sauko daga sama kusa da shi, in ba haka ba inuwar bishiya za ta faɗa kan sararin sama, aiki ya lalace. Hanya kada ta tafi kai tsaye ta yi karo da allo, lanƙwasa ta ta shige bayan sito. Ramin da jirgi zai bi ya fita ma haka, gini ko gada ya rufe shi. In muka samu gidaje na ma'aunin N, wanda aka rage sau 160, sai mu sa su can baya su ƙara nisa, amma ba kusa da inda tarago zai gifta ba, don nan take za a ga tarago ya fi gida.

Akwai wani Ba'amurke, John Allen, a garin Monterey na jihar Kalifoniya, wanda ya yi suna wajen sa madubai a layin dogonsa har wuri ya ninka a ido. Gobara ta cinye aikin a 1973, kwanaki kaɗan bayan rasuwarsa, amma har yau ana bin dabarar. Za mu gwada ɗaya a ƙarshen tasha, mu karkata shi yadda mai kallo ba zai ga fuskarsa ba, mu rufe bakinsa da gada.

Wayar taka ma tana da aiki. In fenti ya bushe, kwantar da ita a kan tebur daidai tsayin ɗan mutumin nan, ka ɗauki hoto baƙi da fari. In allon ya fi tarago duhu, mu ƙara masa fari.

Yanzu tashi ka je ka sayo allo biyu, ka duba kada su ba ka wanda ya sha ruwa. Gobe bayan asuba mu fara shimfiɗa.