Bishiyar turare ce ke hana masarata girma?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji gona daga mahaifina, wanda ya dasa turare a kan iyakarta ta gabas tun ina yaro. Damina uku ke nan a jere masarar da ke kusa da layin bishiyoyin ba ta wuce gwiwa, ganyenta kuma rawaya, alhali ta tsakiyar gona lafiyarta lau. Wani mai sayar da maganin feshi a kasuwarmu ya ce bishiyar ce ta zuba guba a ƙasa, kuma kowace bishiya haka take. Ya ce in huda gindinsu in ɗura baƙin mai da gishiri, in kuma sare gawo uku da ke cikin gonar. Hankalina a tashe yake, domin da gonar nan nake ciyar da iyalina. Ƙasar ta mutu ke nan? Daga wani manomi a Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ƙasarka ba ta mutu ba, kuma ina roƙonka kada ka taɓa jarkar baƙin man nan.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar mai maganin. Wasu bishiyoyi suna fitar da sinadarai da ke danne tsiron da ke kusa da su, abin da masana suke kira alelofati tun da Hans Molisch na ƙasar Ostiriya ya raɗa masa wannan suna a 1937. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne bishiyar baƙar wolnot ta Amurka, wadda sinadarinta mai suna juglon kan sa tumatir ya yi yaushi ko da an shayar da shi. Turare, wanda wasu ke kira zaiti, asalinsa daga Ostiraliya yake, kuma yana cikin bishiyoyin da ake zargi. Man da ke ba ganyensa ƙamshi, wato siniyol, da wasu sinadarai dangin fenol, suna shiga ƙasa ta hanyar ganyen da ya zube da kuma ruwan sama da ya wanko reshe, kuma suna iya jinkirta tsirowar iri.

Sai dai a gona, ba kasafai sinadarin ke zama babban mai laifi ba. Yawancin gwaje-gwajen da suka nuna ƙarfinsa a ɗakin bincike aka yi su, inda ake jiƙa iri da ruwan ganye mai kauri a cikin faranti, alhali a ƙasa ta gaske ƙwayoyin halitta suna cinye waɗannan sinadarai, zafi da ruwan sama kuma suna rage su. Abin da ya fi cutar da masararka, a ganina, shi ne ƙishi da yunwa. Saiwoyin turare suna bazuwa nesa da gindinsa a ƙarƙashin kunyoyinka, suna riga masara shan ruwa da takin da ka zuba, kuma tunda layin yana gabas, yana tare mata hantsi. Rawayar ganyen nan ta fi kama da ƙarancin naitirojin, wato sinadarin taki da ke sa ganye ya yi kore. Za ka iya gwadawa da kanka: ka ɗebo ƙasa daga gindin turare a bokiti ɗaya, ta tsakiyar gona a wani, ka shuka iri ɗaya, ka ajiye su wuri ɗaya a cikin rana, ka ba su ruwa daidai. Idan suka tashi kai ɗaya, ka san ba guba ce a ƙasar ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, domin kusan kullum sai na ji shi daga bakin wani manomi: wai kowace bishiya guba ce ga gona. Wannan magana ƙarya ce, kuma ta cinye gawo da ɗorawa da kaɗanya da ba su ji ba ba su gani ba. Mutumin da sana'arsa sayar da kwalba ce, wanda bai taɓa taka gonarka ba, shi ne zai yanke wa gawo uku hukuncin kisa daga kan benci a kasuwa! Gawo fa shi ne bishiyar da ke zubar da ganyenta da damina, daidai lokacin da shuka ke neman rana, ta kuma yi kore shar da rani, lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abinci. Dangin wake ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa naitirojin, ganyensa taki ne, shanun da suka kwanta a gindinsa suna cin 'ya'yansa suna barin kashi. Duk wanda ya taɓa noma gero a ƙasar Matamaye ko Magarya ya san inda zangarniya ta fi cika, kuma ba banza ba sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 suka tsananta hukunci a kan mai sare gawo. A yankin Maraɗi, tun wajen 1983 manoma suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu suna yi masa aski maimakon tumɓuke shi, abin da suke kira sassaben zamani, har aka farfaɗo da fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. A kwarin Majiya da ke Nijar kuwa, darbejiya aka jera tun 1975 domin tare iska, gero ya ƙara yin kyau a bayanta, duk da cewa ita ma darbejiyar cike take da sinadarai masu ɗaci. Da kowace bishiya guba ce, da waɗannan mutane sun daɗe da barin noma.

Maganin da aka ba ka shi ne ainihin gubar. Sinadarin turare daga ganye yake, yana ruɓewa kamar yadda ganye ke ruɓewa. Baƙin mai kuwa yana ɗauke da ƙarafa masu cutarwa, yana toshe ƙasa ya hana ta shan ruwa, yana kashe ƙwayoyin halittar da ke narkar da sinadarin da kake gudu, kuma yana iya tsiyaya ya kai ga rijiya. Gishiri ma yana da naci, domin a ƙasarmu mai ƙarancin ruwan sama babu abin da zai wanke shi da wuri, sai ya zauna shekaru yana ƙone saiwar duk abin da ka shuka. Har ruwan batir, wanda ke ɗauke da dalma, na ji ana ba da shawarar zubawa, kamar ba a ƙasar nan gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba. Abin takaicin shi ne, idan gonar ta lalace, wannan mai maganin ne zai sake sayar maka da wata kwalbar da sunan wanke ƙasa.

Abin yi ba shi da tsada. Kafin ruwa ya sauka, ka haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya zuwa biyu tsakanin layin turaren da kunyar farko, ka datse saiwoyin da suka miƙo, ka kuma riƙa sabunta shi duk bayan shekara ɗaya ko biyu domin suna sake toho. Ka rage rassan da suka rufo gonar, ka share ganyen da ya zube, kada ka rufe bedin reno da ɗanyensa, sai ya ruɓe sarai a ramin taki tare da kashin dabbobi. Kunyoyin da ke dab da bishiyoyin ka ƙara musu takin gargajiya, ko ka bar su ga ciyawar dabbobi. Idan kuma ka ga lallai sai turaren ya tafi, ka tuntuɓi malamin daji na ƙaramar hukumarku kafin ka ɗaga gatari, domin mai yiwuwa layin yana cikin shingen tare iska da hukuma ta san da shi. Ka sare shi ka sayar da azara da itace, sa'annan ka dinga fige tohon da kututturen ke fitarwa har ya gaji ya bushe. Gawon nan uku ka bar su inda mahaifinka ya bar su, kuma bana ka lura da masarar da ke gindinsu idan ta fitar da goyo.