Tambayi Anti Likita: "Ni ce raguwa ko karatun haƙorin ne haka?"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti Likita, dan Allah ina neman shawara. Ni ɗaliba ce ina karatun likitan haƙori a wata jami'a a nan Arewa, yanzu ina aji biyar, wallahi tunda muka shiga kilinik na daina gane kaina. An ce sai na cike haƙori kaza, na cire kaza, na haɗa haƙorin roba kafin a bar ni in zauna jarabawa, kuma kujerun aikin haƙori da ke aiki ba su kai mu yawa ba, wani lokacin ka samo mara lafiya da kyar sai a ɗauke wuta ko malam bai shigo ba, mutumin ya tafi bai ƙara dawowa ba. Ga faɗa a gaban mara lafiya. A gida kuma ana ce min ai ke haƙori ne kawai ba likita ba. Ni ce raguwa ko haka abin yake?
Daga ƙanwarki, wata ɗaliba

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ke ba raguwa ba ce, raguwa ba ta kaiwa aji biyar a wannan karatun, ki ajiye wannan maganar gefe tukuna.

Abin da kike ji ɗin nan ba ke kaɗai ba ce, har awo ake masa a duniya. Akwai wata takardar tambayoyi da aka fitar a Jami'ar Dundee ta Sikotlan a 1997, ana ce mata DREEM, jimloli 50 ne ɗalibi zai ce ya yarda ko bai yarda ba, maki gaba ɗaya 200, kuma tana duba abu biyar: yadda ake koyarwa, yadda malamai suke, yadda ɗalibi ke ganin ƙoƙarin kansa, yanayin makarantar, sai zamansa da mutane. An yi ta amfani da ita a makarantun haƙori ƙasa ƙasa, kuma abin da ɗalibai suka fi kuka da shi kusan iri ɗaya ne, hadda ta yi yawa, gajiya, sannan babu wani tsayayyen wurin da ɗalibi zai je in damuwa ta masa yawa. Kinga kenan wasiƙarki kamar kin cike takardar ne ba ki sani ba.

Amma ina so ki raba abu biyu, don in kika haɗa su za su danne ki. Akwai wahalar da ta aikin ce, akwai wadda ta tsarin makaranta ce. Karatun haƙori ya sha bamban da na sauran likitoci a wuri guda, ke tun kina ɗaliba hannunki ke cikin bakin mutum, kina riƙe da injin da ke huda haƙori, kuma abin da kika sassaƙe daga haƙori ba ya tsirowa. Shi ya sa aka fara ku da kan mutum na roba a lab kafin a ba ku mutum, shi ya sa kuma malam yake tsaye a kanki sai ya duba ya sa hannu a logbuk, littafin da ake rubuta ayyukan da kika yi. Wannan tsananin ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari, kakar wani ce a kujerar nan. Abin da ban yarda da shi ba shine tozarta ɗalibi a gaban mara lafiya, gyara daban wulaƙanci daban, kuma na sha gani da idona ɗalibin da aka daka wa tsawa hannunsa sai ya ƙara rawa, mara lafiyan ma ya tsorata ya ƙi dawowa, to wa aka taimaka? Kujera da ta lalace da rashin wuta kuwa ba laifinki ba ne ko kaɗan, hukumar kula da likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya (MDCN) ma da take ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kayan aiki da malamai take dubawa.

To me za ki yi. Ku haɗu da 'yan ajinku ku tsara rabon kujera a rubuce, wa ke da safe wa ke da rana, don rububi shi ke cinye lokaci. Duk ranar da kika kawo mara lafiya aiki bai yiwu ba, ki rubuta kwanan wata da dalili, in kuka tara wannan sai wakilin aji ya kai wa shugaban sashe cikin ladabi, magana da takarda ta fi "Malam muna shan wahala" nauyi nesa ba kusa ba. Ki kuma nemi babba ɗaya, ko rejistra (likitar da ke horon ƙwarewa a asibiti) ko wata malama da kika ga tana da sauƙin kai, ki riƙa zuwa wurinta. Mara lafiya kuma ki faɗa masa gaskiya tun farko cewa aikin zai ɗau zuwa biyu ko uku, ki kira shi ana gobe, mutanenmu in ka girmama su suna dawowa. In kuma barci ya ƙaurace miki ko kin daina cin abinci, wannan ki ga likita, kar ki ce sai bayan jarabawa.

Maganar 'yan gida ita ta fi min ciwo gaskiya. Shekara shida kike yi kamar kowane likita, kin yanka gawa tare da su, kin yi ilimin magunguna tare da su, za ki yi shekarar horo a asibiti kamar su. Ki ba su labarin asibitin yara na cutar noma da ke Sakkwato, cutar da ke farawa daga dasashi ta cinye kuncin yaro cikin kwanaki, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023. Wanda ya iya duba baki shi ke gano ta tun tana dasashi, kuma a Arewa likitocin haƙori sun yi mana ƙaranci ƙwarai.

Ki sake rubuto min bayan jarabawa in ji yadda rabon kujerar ya kaya. Allah Ya ba da sa'a, Ya sa albarka a hannun nan naki.