Tambaya da Amsa: Keke Napep ɗina mai caji yana gurnani da karkarwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Jega ne, ina jigila da keke mai caji tsakanin kasuwa da cikin gari, na saye shi ne bayan tsadar fetur ta kai mu bango. To wanga keke in na ɗauki mutum huɗu na murza totur sai ya riƙa karkarwa yana gurnani kafin ya miƙe, in ya ɗau gudu kuma sai wani siririn fito ya taso. Mi ke kawo haka, ko moton ne ya lalace? Daga wani mai karatu a Jega, jihar Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a nema. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tambayoyi irin naka suke ta zuwa, kuma abin da ke damuna shi ne yadda ake saurin kwance moto lafiyayye a ce za a sake naɗa waya, alhali sau da yawa laifin na kontrola ne, wato akwatin nan da ke tsakanin batir da moto.

Ka fara da gwajin da ba ya cin ko sisi. Ka hau titi mai kyau, in keken ya ɗau gudu sai ka saki totur. In ƙarar ta ɗauke nan take to daga wuta take, in kuma ta ci gaba to ka nemi boris ko giyar baya ko noti da ya kwance, wannan aikin bakanike ne.

To in daga wuta ce fa? Moton nan wayoyi uku masu kauri ke shiga cikinsa, a ciki akwai naɗin waya da mayen ƙarfe, sai kontrola ta riƙa tura wuta bi da bi mayen yana bin ta yana juyawa. Kontrola mai araha wayoyi biyu take ba wuta a lokaci guda ta bar ɗaya, tana sauyawa sau 6 a kowane zagayen wuta, kuma kowane sauyi bugu ne kamar mata na lugude a turmi, taɓarya na sauka ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa da kaya a tashin farko kake jin bugun har a hannunka, in gudu ya yi yawa sai bugun ya haɗe ya zama gurnani.

Akwai wata kontrolar da 'yan kasuwa ke kira sayin wef, mafi kyawunta kuma ita ce mai tsarin FOC. Ita duka wayoyin uku take ba wuta tare, tana ƙarawa tana ragewa a hankali, tana auna wutar sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya tana gyarawa don ƙarfin juyin ya zama bai ɗaya. Ba sabon abu ba ne, injiniyan Siemens a Jamus, Felix Blaschke, ya fitar da tsarin tun farkon shekarun 1970, araha ce dai ta iso yanzu. Gaskiya ni a ganina duk mai ɗaukar fasinja wannan ya kamata ya sa.

Shi kuwa fiton nan daban ne. Kontrola tana kunna wuta tana kashewa da sauri ƙwarai, kunnen mutum kuma yana jin sauti har wajen bugu 20,000 a daƙiƙa, in saurin kunnawar bai kai nan ba za ka ji shi. Ana iya ɗaga saurin kunnawar amma sai akwatin ya ƙara zafi, kai kuma ka san zafin Kebbi a watan Afrilu, ya wuce digiri 40, don haka kar ka bari a taɓa maka wannan da ka. Manyan kamfanonin mota kan riƙa jujjuya saurin ne don sautin ya watse kar ya tsaya a murya ɗaya, wasu har ɗan wuta suke ƙarawa da gangan wadda za ta kashe girgizar. Fito siriri mara canzawa ba ciwo ba ne.

Amma kafin ka kashe kuɗi, ka sa mai rewaya ya duba sansa guda uku da ke cikin moton, masu siraran wayoyi, su ke gaya wa kontrola inda mayen ƙarfe yake. Ƙurar hunturu ko ruwan damina in suka shiga soket ɗinsu sai keke ya riƙa fizga kamar yadda ka faɗa, kuma gyaransa kaɗan ne. In kontrolarka tana da saitin tashi a hankali a kunna shi.

In ta kama sai an canza, ka tabbatar bolt ɗinta, wato ma'aunin ƙarfin wuta, ya yi daidai da batirinka, ko 48 ko 60 ko 72, amfiya kar ta wuce ƙarfin moton, a kuma duba ko sansarka ta digiri 60 ce ko 120, wato irin tsarin jerinta a cikin moton, don ta dace da sabuwar kontrolar. In garanti bai ƙare ba ka fara komawa wurin dillalin da ya sayar maka kafin kowa ya yanke waya.