Likita, Me Ya Sa Na Kasa Natsuwa Tun da Na Koma Aiki Daga Gida?

Tun daga 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe ofisoshi a ƙasashe da dama, tambayoyin masu aiki daga gida ba su yanke mini ba. Ga guda shida da na zaɓo, na ɗan taƙaita wasu.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekara biyu ke nan ina aiki daga gida. Da a ofis nake, kafin a tashi na gama komai. Yanzu kuwa sai in wuni a gaban kwamfuta ban tsinana abin kirki ba, da na buɗe aiki sai hannuna ya kai kan waya. Anya ƙwaƙwalwata lafiya kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Mai yiwuwa ƙwaƙwalwarka lafiyarta ƙalau, Malam. Abin da ka rasa shi ne tsarin da ofis ya ɗora ka a kai ba ka ankara ba. Tuna yadda safiyarka take a da: ka tashi a kan lokaci, ka yi wanka, ka sa kaya, ka fita cikin rana, ka taka ƙasa, sannan ka zauna cikin mutanen da kowa ya duƙufa kan nasa. Duk waɗannan sanarwa ce ga jiki cewa aiki ya kama. Hasken safiya musamman, shi ke saita agogon da ke cikin ƙwaƙwalwa, ya danne sinadarin melatonin mai jawo barci. Wanda ya mirgino daga gado ya jawo kwamfuta cikin ɗaki mai duhu, jikinsa bai ma ji labarin gari ya waye ba. Don haka ka riƙa shiri kamar mai fita, ka fita ɗin ko da zagayen minti goma ne, sannan ka dawo ka zauna a wurin da ka ware wa aiki kaɗai.

Sai maganar waya. Masu cewa suna iya aiki biyu a lokaci guda suna yaudarar kansu ne. Taura biyu ba ta taunuwa. Idan ayyukan duka masu buƙatar tunani ne, ƙwaƙwalwa tsalle take yi daga wannan zuwa wancan. Ka leƙa saƙo na rabin minti, ka dawo kana lalube, "ina ma na tsaya?" Wannan laluben shi ke cinye maka wuni. Kuma kada ka ce za ka daure. Wayar da ke kusa da hannu ita ke yin nasara kullum, ni ma na gwada a kaina. Ka kai ta wani ɗaki.

Akwai dabarar da wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1980, ana kiranta Pomodoro: minti 25 a kan aiki ɗaya tak, hutun minti 5, bayan zagaye huɗu a yi hutu mai ɗan tsawo. Lissafin ba dole ba ne, wani minti 45 ya fi masa daidai. Amfaninta shi ne ta sauƙaƙa farawa, domin "zan yi minti 25" ya fi "zan gama rahoton nan" sauƙin ɗauka.

Idan ka yi 'yan makonni a haka ba canji, kuma ga kasala, ko haki daga ɗan motsi, ko yawan ƙishirwa da fitsari, ko rama ko ƙiba ba dalili, to ka je a duba jininka. Ƙarancin jini, ciwon sukari da matsalar halittar nan ta maƙogwaro da ake kira tayirod, duk suna iya farawa da rashin natsuwa.

Tambaya: Likita, da zarar azahar ta yi sai barci ya rufe ni. Ina shan kofi huɗu zuwa biyar a rana, na ƙarshe da yamma. Da dare kuma in yi ta juyi har ƙarfe biyu. Mece ce mafita?

Amsa: Malama, kofin yamma ne ke hana ki barcin dare, rashin barcin daren kuma ke tura ki ga kofin gobe. Sinadarin kafiyin da ke cikin kofi ba ya ƙara wa jiki ƙarfi. A duk tsawon sa'o'in da mutum yake farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke sa a ji gajiya. Kafiyin toshe masa hanya yake yi, gajiyar na nan tana jira. Kuma yana daɗewa: ga yawancin mutane sai bayan kusan awa biyar rabinsa ke fita daga jini. Wato kofin ƙarfe 5 na yamma, rabinsa na tare da ke ƙarfe 10 na dare.

Ga babba mai lafiya, iyakar da aka saba bayarwa ita ce miligiram 400 a rana, kimanin kofi huɗu ke nan. Mai juna biyu kuma kada ta wuce 200. Lemukan ƙara kuzari da shayi ma suna cikin lissafin. Ki rage sannu a hankali, don yankewa farat ɗaya kan kawo ciwon kai na 'yan kwanaki, kuma ki daina sha da zarar rana ta raba.

Lumshewar ido tsakanin ƙarfe 1 zuwa 3 na rana kuwa ba ciwo ba ce, haka agogon jiki yake, cika ciki da abinci yana ƙara ta ne kawai. Tun da a gida kike, ki yi amfani da damar: ki kwanta minti 20, ki sa ƙararrawa. Idan kin zarce awa guda za ki tashi jiki a mace, daren ma ya ƙara lalacewa. Babba na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9. In kuma kina samun hakan amma kina tashi a gajiye, kuma an ce kina munshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa, wannan na ganin likita ne.

Tambaya: Idanuna na zafi kamar an zuba yashi, kuma da yamma kaina na sarawa. Allon kwamfuta na kashe ido ne?

Amsa: Ba ya kashe ido, amma yana gajiyar da shi. Mai kallon allo ƙiftawarsa na raguwa sosai, sai idon ya bushe. Duk bayan minti 20 ka kalli wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, ka ƙifta da gangan. Allon ya yi nisan tsawon hannunka, kuma kada fanka ta riƙa buso maka fuska kai tsaye. Idan ka haura shekara 40, ko ciwon kan ya ƙi tafiya, je a auna idon; sau da yawa tabarau ne kawai ake buƙata.

Tambaya: Likita, a kan gado nake aiki da ƙaramar kwamfutata don ba ni da tebur. Yanzu wuyana da ƙuguna ba sa bari na in zauna ko awa ɗaya.

Amsa: Ɗan'uwa, sauko daga gadon nan. Ƙaramar kwamfuta an haɗa mata allo da madannai wuri guda, don haka ko dai wuya ya sunkuya ko hannu ya ɗaga. A kan katifa kuma ƙugu ba shi da madogara. Ba sai ka sayi kujera mai tsada ba. Ka samu kowane tebur, ka ɗora kwamfutar a kan tarin littattafai har saman allon ya zo daidai idonka, ka haɗa madannai na daban. Tafin ƙafa a ƙasa, ƙaramin matashi a bayan ƙugu. Amma ko zaman ya yi kyau, daɗewa a cikinsa illa ce, ka riƙa miƙewa duk bayan rabin awa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, kuma mai aiki a gida ya rasa ɗan tattakin da zuwa ofis ke ba shi kyauta.

Abin da ba a jira da shi: ciwon baya da ya zo da mutuwar ƙafa, ko rashin jin taɓawa a tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari ko bayan gida. Haka ma kumburi da zafi a ƙwauri ɗaya. Waɗannan asibiti ne a ranar.

Tambaya: Wani abokina ya ce akwai ƙwayar da yake sha ta sa shi aiki awa goma ba gajiya. In karɓa?

Amsa: Kada ka karɓa. Irin waɗannan ƙwayoyi ko dai magungunan da ake rubuta wa masu larurar ADHD ne (wato larurar kasa mayar da hankali da kasa zama wuri ɗaya), ko masu kashe zafin ciwo irin tramadol. Na farkon suna ɗaga hawan jini da bugun zuciya, su hana barci da cin abinci. Tramadol kuwa yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, yana kuma iya jawo farfaɗiya. Idan kana zargin kana da ADHD, larura ce ta gaske kuma tana da magani, amma alamunta na farawa tun ƙuruciya, kafin shekara 12, kuma suna bin mutum makaranta, gida da wurin aiki. Wanda natsuwarsa ta gudu bara kawai, a wani wuri za a nemi dalili.

Tambaya: Likita, ni uwa ce, yarana uku. Ina amsa saƙon aiki har ƙarfe sha ɗaya na dare don in rama lokacin da yara suka ci. Yanzu ba na jin daɗin komai, ko kuka ma sai ya zo mini ba dalili. Lalaci ne ko me?

Amsa: Wane irin lalaci, Malama, ga mai aiki biyu a rana ɗaya? Sannu da ƙoƙari. Matsalar aiki daga gida ita ce ba shi da lokacin tashi sai wanda mutum ya yanka wa kansa. Ki sa lokacin rufewa, ki gaya wa shugaban aikinki ƙarara, in ya yi ki rufe kwamfutar ki ɗauke ta daga inda idonki zai gan ta. Ki zauna da maigida ko wani babba a gidan a fitar miki da awa biyu ko uku da ba mai taɓa ki, aiki mai nauyi ya faɗa cikinsu. Awa biyu cikin natsuwa sun fi shida da ake yi ana tashi.

Sai dai ƙarshen saƙonki ne ya fi tsaya mini. Gajiyar da aiki ke jawowa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 a matsayin matsalar da ta shafi wurin aiki, takan lafa idan an samu hutu, kuma a kan aikin take tsayawa. Amma idan rashin jin daɗin ya mamaye komai, har wasa da yaranki da hira da 'yan'uwa, kusan kullum, sama da mako biyu, to ciwon damuwa nake tunani, kuma gyaran jadawali kaɗai ba zai warkar da shi ba. Yana da magani, ta hanyar zama da ƙwararre ko shan ƙwayoyi ko duka biyun. Ki ga likita cikin makon nan, ki gaya masa abin da kika gaya mini, har da shekarun ƙaramin yaronki, don damuwar bayan haihuwa kan ɓuya a irin wannan yanayi. In kuma tunanin cutar da kanki ya taɓa gifta miki, kada ki jira mako, ki gaya wa wanda kika yarda da shi ya raka ki asibiti yau.